Shekarar da Ummanku Ta Rina Kajin Oga

A zaman makokin mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ina zaune a zaure sai na jiyo muryar Bilkisu daga cikin gida tana ba matan da suka zo gaisuwa labarin yadda muka bar Kado. Na ji ana dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan rasuwa, wadda ake yi ana toshe baki da mayafi. Ban ji haushi ba. Da Ummanku tana nan da ita za ta fi kowa dariya. Amma labarin da kuke bayarwa, wai Umma ta rina kajin Oga shi kuma ya kore mu, rabinsa ne gaskiya. Rini dai an yi shi, babu musu, ni ma na riƙe mata wasu kajin. Kora ce ba a yi ba. Tunda kun girma har kuna da naku 'ya'yan, gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya riƙe biro.

A lokacin sojoji sun koma bariki, farar hula na mulki, kuɗi sun shigo Abuja. Ko'ina ka duba gini ake. Hanyar da ka bi da safe, kafin ka dawo da yamma an kewaye ta da kwano ana haƙa. Ni direban gida ne na wani darakta a wata ma'aikata, mutumin arewa mai zurfin karatu, wanda kowa ke kira Oga. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Ya gina gida a Kado, ya ba ni ciki da falo a bayan gidan, ya kuma yi mini alkawarin in aka tashi ɗaukar direbobi a ma'aikatarsu zai sa ni, in zama ma'aikacin gwamnati mai fansho. Duk direban gida da wannan burin yake kwana. Ɗakin nan shi ya ba ni damar ɗauko ku daga ƙauye. Kafin nan na yi shekaru ina Abuja Ummanku tana gida, ba ma haɗuwa sai da sallah. Ɗanmu na fari, wanda ba ku sani ba, ya zo duniya ya koma ban ga fuskarsa ba. Mutum ɗaya ya kawo mini saƙon haihuwar da na rasuwar, a zama ɗaya. Ran da na je ɗauko ta na ƙudurta a raina ba zan ƙara ajiye ta a wani gari ba.

Ta zo da ku, da tukwanenta, da kaza ɗaya a kwando. Na ce mata gidan manya ne, ba a kiwo. Ta ce gidan da babu kaza ina ake zuba sauran tuwo? Haka kaza ta shiga mota.

Kado kuwa unguwar shirwa ce. Kasuwar kifi na kusa, inda ake zubar da kayan ciki da ƙaya, ga kuma wani dogon ƙarfe da kamfanin wayar salula ya kafa daf da katangarmu, a shekarun da waya ta fara shiga hannun mutane. Da ruwa ya ɗauke sai shirwa su dawo daga inda suke zuwa, su maida ƙarfen nan masauki. Direba mutum ne mai yawan jira, don haka na kalle su fiye da yadda na kalli talabijin. Shirwa ba ta wahalar da kanta. Za ta buɗe fiffike ta kwanta a kan iska, wutsiyar nan mai baki biyu ce kawai ke juyawa dama da hagu, kamar direban da ya saba da hanya yana tuƙi da yatsa ɗaya. Tana tafe tana leƙen ƙasa. In ta ga abin da take so ba ta sauka, faɗowa take yi ta sure shi ta wuce, wani lokaci ma a sama take ci, ta sunkuyar da kai zuwa ƙafarta. Na taɓa ganin ta ɗauke kifi daga tiren wata mata tana tafiya, matar ba ta sani ba sai da ta ji tire ya yi sauƙi. Shaho daban ne. Shi ba ya shawagi a gan shi, ƙasa-ƙasa yake biyo bayan katanga, sai dai ka ga gashi na tashi. Shirwa kuwa a gabanka take yi, har da kukanta mai kama da fito, kamar tana sallama.

Ni ina kallonsu da sha'awa. Ummanku tana kallonsu kamar yadda ake kallon wanda aka taɓa kamawa da akuyar gidanku. Kazarta ta ƙyanƙyashe, shirwa ta fara zuwa, kuma ta rantse guda ɗaya ce ke zuwa kullum, wai ta gane ta da wani gashi da ya ɓalle a fiffiken hagu. Sunan da ta sa mata shi ne mutuniyar. Da hantsi sai ka ji an saki wanke-wanke, an ɗauki murfin tukunya da muciya.

"Haa! Haa! Ɓarauniya! Malam, fito, ga mutuniyar nan!"

"In fito in yi mata me?"

"Ka tsaya ta ga akwai namiji a gidan!"

Na sha fitowa na tsaya. Ban ga alamar hakan ya dame ta ba.

Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta rataya fasasshen madubi a igiyar shanya. Ta warware zaren tsofaffin kaset ɗina ta ɗaura daga taga zuwa bishiyar mangwaro. Ta roƙi Mande, maigadin gidan, ya taya ta da danƙo. Mande mutumin kirki ne daga ƙasar Binuwai, da Hausarsa ta kasuwa, amma in ya auna gabas dutsen yamma yake tafiya. Ran da ya fasa fitilar katanga ya zo ya ajiye mata danƙon a bakin ƙofa.

"Madam, ni ya bari. Wannan shirwa, shi ba ya tsoron kowa. Shi ɗan Abuja ne."

Daga nan ta haɗa mutum-mutumi da sanda da buhu. Da ta rasa abin da za ta sa masa, sai ta ɗauki wata tsohuwar kwat da hula da Oga ya ba ni kwance, waɗanda ban taɓa sawa ba don sun yi mini yawa. Ta kafa shi a gindin mangwaro. Washegari muka tarar da mutuniyar zaune a kafaɗarsa tana gyara gashi.

A nan ne ta koma ga dabarar garinsu. A ƙauyensu in kaza ta ƙyanƙyashe, sai a dama galura a tsoma 'yan tsakin, su fito ja ko shuɗi. A cewarta shirwa da launi take gane ɗan tsako, in ta hango abu ruwan hoda yana yawo sai ta ɗauka leda ce iska ke kaɗawa, ita kuwa ba ta cin leda. Ta rina nata. Kwanaki suka wuce ba a ɗauki ko ɗaya ba. Ni na lura a kwanakin ana ƙona daji a bayan unguwa, duk shirwa sun tafi can suna bin hayaƙi suna cafke farar da wuta ta tasa. Na buɗe baki zan faɗa, na ga yadda take tafiya a tsakar gida kamar wadda ta ci zaɓe, sai na rufe.

Oga bai san da wannan duka ba, don bai taɓa zagayawa bayan gidansa ba. Abin da ya sani shi ne matar direba ta iya kiwo.

Surukinsa, mahaifin matarsa, wani dattijo ne da ake kira Alhaji Babba, mutum mai son farin abu. Na sha kai Oga gidansa a garinsu: fararen raguna, fararen tantabaru, farar kyanwa, shi kansa daga hula har takalmi fari. Oga yana jin nauyinsa ƙwarai, ya daɗe yana neman kyautar da za ta burge shi. Wata rana ya sa na je filin jirgi na ɗauko wani kwali mai huji-huji. Da aka buɗe sai ga 'yan kaji goma sha wani abu, farare tas, gashinsu kamar auduga har yatsun ƙafa, kowace da tukku a ka kamar ta ɗaura ɗankwali. Ban taɓa ganin irinsu ba. Mande ya tambaya ko zomaye ne. Oga ya ce za a raine su su ɗan tasa kafin a kai wa Alhaji, kuma wanda ya sayar ya ce lallai su riƙa taka ciyawa suna shan rana, in an kulle su sai su lalace. An ba kafinta aikin keji mai faɗi, kafinta ya auna ya tafi bikin ƙanwarsa, ba a sake ganinsa ba. Ana haka tafiya ta kama Oga, zai je kwas ƙasar waje na 'yan makonni, matarsa ma za ta bi shi. Da safen tafiyar ya sa aka kira Ummanku bakin mota. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Maman Bilkisu, na ji kin iya kiwo. Ga amana nan. Yadda kike yi wa naki, haka za ki yi wa waɗannan."

"In Allah Ya yarda, ranka ya daɗe."

Ya juyo gare ni ya ce kada in bari ko ɗaya ta yi ciwon kai, kuma in ya dawo za mu zauna kan maganar aikina, an kusa fara ɗauka. Wato ya ɗaure fanshona a ƙafar 'yan kajin nan, ko da bai faɗa haka ba.

Ba a yi nisa ba mutuniyar ta dawo daga cin fara. Farin abu a kan koren ciyawa, ko ni daga saman ƙarfen nan zan gani. Ta ɗauki ɗaya Ummanku na tsaye da muciya a hannu. Aka kife sauran da kwando, suka daina cin abinci, suka yi laƙwas. Aka buɗe su, ta ɗauki ta biyu. Ran nan Ummanku ba ta yi ihu ba. Ta yafa mayafi ta ce in kai ta kasuwar Utako. Ina ganin ta nufi wurin masu rinin kaya na gane.

"Ke, kajin Alhaji Babba ne fa. Mutumin da ko kyanwarsa fara ce."

"Oga ya ce yadda nake yi wa nawa."

"Bai san yadda kike yi wa naki ba."

"To laifin wa? Malam, zaɓi biyu ne. Ko a kai wa tsoho kaji masu launi, ko a kai masa labarin fararen kaji."

"In ya dawo ya gani fa?"

"Kafin ya dawo ta koɗe. Galura ba ta daɗewa."

Galurar garinsu ce ba ta daɗewa. Wannan ta masu rinin shadda ce, mai sayarwar ma sai da ya yi mata rantsuwa cewa kayansa ba sa zuba. Ta sayi ja, ta ce kuma kada mutuniyar ta saba da launi ɗaya, ta ƙara shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Muka dawo ta jera kwanuka. Ni ke kamawa, ita ke tsomawa. Gashin nan mai kama da auduga ya sha rini yadda ɗan tsakon gida bai taɓa sha ba. Da suka bushe suka bazu a kan ciyawa, Mande ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu.

"Madam, wannan yanzu ya zama alawa."

Na yarda, sun yi kyau. Yaran unguwa har leƙowa suke ta ƙasan ƙofa. Kuma aka yi sa'a shirwa ta ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, ban san dalili ba, wataƙila kifi ya yi yawa a kasuwa. Ummanku ta ce in gani da idona. Ni kuwa kowace safiya sai in duba ko launin ya fara sauka, in tarar kamar ƙaruwa yake.

Sai Oga ya bugo wa Mande waya cewa yana hanyar dawowa, ya rage kwanakin kwas ɗin, in je filin jirgi gobe. Ranar muka wuni muna wankin kaji. Da sabulun wanka, da na wanki, da ruwan ɗumi, da lemon tsami. Jar ta koma ruwan hoda mai haske, wadda ta fi ta da ɗaukar ido. Shuɗiyar ta tsaya a kan bakanta. Mai ruwan ɗorawa da muka wanke a kwano ɗaya da shuɗiya ta fito da launin da har yau ban san sunansa ba. Hannuwana kuwa suka rine har wuyan hannu.

A hanyar dawowa daga filin jirgi na yi ta neman inda zan sako maganar. Oga na baya yana ta waya. Sau ɗaya ya dubi sitiyari ya ce, "Malam Haruna, lalle ka sa?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, wani ɗan aiki ne. Kafin in ƙara ya ce in yi sauri, Alhaji Babba ya shigo gari ganin likitan ido, yanzu haka yana hanyar gidan, yau za a nuna masa abin mamaki. Na ce a raina lallai kuwa.

Mun iso, motar Alhaji ta iso. Aka gaisa, aka sha ruwa, Oga ya ce akwai ɗan abin da ya tanadar wa Baba a can bayan gidan. Ya tsaya amsa wata waya, ya ce in yi gaba da Alhaji. Muka zagaya, tsoho na dogara sandarsa, fari fat kamar an sauke shi daga gajimare. Da muka kai gindin mangwaro sai ya tsaya, ya dubi mutum-mutumin nan mai kwat da hula, ya ɗan rusuna.

"Darakta, har ka riga mu? Ta ina ka biyo?"

Mutum-mutumi bai amsa ba. Sai ga Oga ya ɓullo ta bayanmu. Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan. Oga ya dubi kwat ɗinsa, wadda ya sa a hoton da ke rataye a falonsa. Ya dubi madubai da zaren kaset na walƙiya a rana. Sannan idonsa ya sauka kan ciyawa, inda kyautar surukinsa ke kiwo, ja da shuɗi da kore.

Alhaji ya ciro tabarau ya sa, ya cire ya goge, ya mayar.

"Darakta, likita ya ce idona ya yi sauƙi. Ashe ƙarya yake."

"Baba, farare ne. Wallahi farare na saya."

"To madalla. Da can ciki?"

Oga ya juyo gare ni. Na ɓoye hannuwana a baya, amma ya riga ya gani. Ummanku ta fito ta durƙusa, ta gaida Alhaji, ta gaida Oga da hanya, sannan ta yi bayani a natse, babu rawar murya. Ta faɗi yadda aka ɗauki biyu, ta faɗi umarnin da aka ba ta, ta faɗi maganar leda. Alhaji ya ce tabbas ya san wannan dabarar, kakarsa ma tana yi. Na ga fuskar Oga ta fara sassautawa. Ummanku ta samu ƙarfi, ta nuna kajin da hannu.

"Ranka ya daɗe, tun ran da na tsoma su ko kallonsu ba ta ƙara yi ba. Shirwa ba ta taɓa abin da aka rina."

Ba ta rufe baki ba inuwa ta gifta a kan ciyawa. Kazar gida ta yi ƙara, 'ya'yanta suka shige ƙarƙashin tanki. Baƙin kajin nan kuwa, da ba su san shirwa ba a ƙasarsu, suka ɗaga tukkunsu suna kallo. Na ji iskar fiffike a kunnena. Ta faɗo ta tsakanin Oga da surukinsa, ta zaɓi mai ruwan hodar nan da muka fi wahala a kanta, ta tashi da ita a hankali, ba gaggawa, ta haye saman ƙarfen waya. Na ga gashin da ya ɓalle a fiffiken hagu. Mutuniyar ce. Can sai ga gashi ruwan hoda yana saukowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya sauka a kafaɗar farar rigar Alhaji.

Duka muka dubi Ummanku. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce:

"Ranka ya daɗe, wannan ta waye. Na garinmu ba sa haka."

Alhaji Babba ya fara dariya. Ya yi har sandarsa ta faɗi, ya dafa kafaɗar mutum-mutumi, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi ya ce, "Darakta, ita ma shirwar daga waje ka yi odarta?" Ya ce a bar masa kajin tukuna, in sun gama shawara sun tsaya a kan launi ɗaya a aiko masa. Ya ciro gashin daga kafaɗarsa ya sa a aljihu, ya ce zai nuna a gida don kada a ce ƙarya yake. Kuma ya nuna. Na ji an ce har ya rasu, in an yi baƙi sai ya ba da labarin.

Ku da kuke yara kun ɗauka nan ne aka kore mu. A'a. Ranar Oga ya raka surukinsa mota ya shige gida. Washegari da safe, muna hanyar ofis, ya ajiye jarida ya yi magana a hankali.

"Malam Haruna, kai ba ni da matsala da kai. Amma bayan gidan nan ya zama ƙauye. Jiya na ji kunyar da ban taɓa ji ba."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Yau za a yanka kajinta, a kwashe tarkacen."

"Ba maganar kaji ba ce kawai. Ɗakin ma ya yi muku kaɗan. Ka mayar da iyali gida, ka riƙa leƙa su ƙarshen wata, kamar yadda kowa ke yi. Kai ka zauna. Maganar aikinka tana nan, ban canja ba."

Ba zalunci ya yi ba. Rabin direbobin da na sani haka suke zaune. Kuma na san shi direba yake so a cikin gida, wanda zai kira kowane lokaci, na kuma san albashina ba zai kama ko kangon ɗaki a kusa da Kado ba. Muka wuce shataletale biyu. Abin da nake tunawa shi ne mutumin nan da ya kawo mini saƙo biyu a zama ɗaya, yadda ya cire takalmi ya zauna ya kasa fara magana. Da muka isa na buɗe masa ƙofa, na ce na gode da duk alherinsa, ya ba ni zuwa ƙarshen wata ya samu wani direban. Ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Saboda kaji za ka bar fansho?"

Na ce a yi haƙuri dai, ranka ya daɗe.

Da na koma na tarar da ita ta tuge mutum-mutumi tana ninke kwat. Na faɗa mata duk yadda muka yi, ban rage ba. Ta ajiye kwat ɗin.

"Malam, ka koma ka ba shi haƙuri. Ni zan tafi. Da can ba a gida nake ba?"

"Na riga na faɗa."

"Kana da hankali kuwa? Saboda kaji?"

"Ba saboda kaji ba."

Ta dube ni, ta kawar da kai. Ta daɗe tana gyara wuyan kwat ɗin da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta ce, "To tsayuwar me kake? Kama mini zakaran can kafin ya haura katanga." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan, ni da ita, har Allah Ya karɓi abarsa.

Muka samu ɗaki a nan Tungan Maje, lokacin duk gonaki ne da rugagen Fulani. Ran tashi Oga ya sa Mande ya zuba sauran kajin masu launi a kwali ya sa mana a mota, ya ce kada ya ƙara ganinsu. Ya kuma sallame ni da mutunci. Na shiga tashar Utako na karɓi motar haya, na yi ta jigila a hanyar Kaduna har bayana ya ƙi. Wanda ya gaje ni wurin Oga an ɗauke shi aikin gwamnati kafin shekara ta zagayo. Yanzu yana gida ana turo masa fansho, muna gaisawa in mun haɗu. Bilkisu, ke kika fi kowa biya, don ke aka cire daga makarantar nan mai kyau, kika zauna a gida har muka daidaita. Ban manta ba. Amma a duk shekarun nan, in na dawo daga hanya, a gida nake tarar da ku, kuma duk wanda aka haifa bayan nan ni na yi masa huɗuba da bakina.

Ummanku ce ta fara cewa shirwa ta kore mu, ta kuma ƙara wa labarin gishiri kowace shekara. Na bar ta. Kun san Ummanku. Za ta iya tsayawa gaban darakta ta kare galura, amma ba za ta iya buɗe baki ta ce mijinta ya bar aiki don kada su rabu ba. Kunya ba za ta bar ta ba. Shirwa kuwa ba ta da bakin musu.

Kajin nan da suka sake gashi farare suka koma, tas, kamar ba a taɓa yi ba. Su ne kakannin masu tukkun da kuka taso kuna gani a tsakar gidan nan. Shirwa ma ba ta bar mu ba, nan sun fi na Kado yawa, ga shaho, wani lokaci har gaggafa nake hangowa can sama ta wajen duwatsu. Ummanku ta ci gaba da rini, su kuma suka ci gaba da ɗauka. In an ɗauki wanda ba a rina ba, ta ce ka gani. In an ɗauki rinanne, ta ce galurar yanzu jabu ce.

Bayan kun watse kun koma gidajenku, kaza mai tukku ta fito da 'ya'ya daga bayan randa. Da hantsi ina zaune na ga inuwa ta gifta a tsakar gida. Na jira in ji murfin tukunya. Sai da ta zagayo karo na biyu na tuna babu mai bugawa. Na tashi na ce haa, muryar ba ta fita sosai ba. Shirwa ta ɗauki ɗaya ta tafi.

Gwangwanin galurar yana nan inda take ajiye shi, a saman tagar madafa. Na dama yadda na ga tana yi. Kamawa da tsomawa aikin mutum biyu ne, shi ya sa wasu kansu kawai ya samu, wani kuma ya zame ya yi wanka gaba ɗaya. A masallaci liman ya dubi hannuna ya kawar da kai, don ya san gidan.

Saboda haka in kun zo kun ga hannuna ja, kada wanda ya kawo mini bayanin da ya karanta a waya. Na san dabarar ba ta aiki. Tun a Kado na sani. Ban taɓa faɗa mata ba, kuma ba yanzu zan fara ba.